Me Ya Haɗa Ɗan Baga Road da Karl Marx?

Rubutun nan yana da ɗan tsawo, wanda datarsa ke gab da ƙarewa ya adana shi sai dare.

Daren jiya wani ƙanena da ke aji biyu ya same ni a ɗaki da takardun lakca a hannu, fuska a murtuke. Ya ce, "Yaya, don Allah gaya mini gaskiya. Wannan kwas na su Marx da Weber da Durkheim, me zai tsinana mini? Turawa ne da suka mutu tun kafin a haifi kakanmu. Ba su san Yerwa ba, ba su taɓa tsayuwar jiran Keke a Tashan Bama cikin ranar Afrilu ba. In haddace kawai in juye a jarrabawa in wuce, ko akwai wani abu a ciki?" Na yi dariya, don ni ma da bakina na taɓa faɗin haka. Na ce masa zan ba shi amsa a rubuce, tunda na san ba shi kaɗai ke da wannan tambaya ba.

Bari in fara da tonon asirin kaina. A aji biyu na faɗi tes ɗin farko na wannan kwas, kuma laifina ne. Na haddace shekarun haihuwa da na mutuwa, na haddace sunayen littattafai kamar mai shirin musabaƙa. Malam ya shigo da tambaya ɗaya tilo: zaɓi masani ɗaya, ka yi amfani da tunaninsa ka bayyana wani abu da ke faruwa a unguwarku. Na cika shafi uku da tarihin rayuwar Marx. Da aka raba takardu sai na ga an rubuta da jan biro: "Ka san ranar da aka haife shi, ba ka san abin da ya hana shi barci ba."

Na bi shi ofis ina ƙunƙuni. Ya ce, "Zauna. Me babanka yake yi?" Na ce, "Malam, da dai bandar kifi yake saye daga Baga yana turawa Kudu." Ya ce, "Da? To je ka ka rubuto mini wannan 'da' ɗin. Wa ke kama kifin? Wa ke da kwale-kwalen? Wa ke banda? Wa ke da mota? Wa ke karɓar kuɗi a hanya? Wa ke cin riba mafi tsoka, kuma me ya sa masuncin ya yarda da hakan? Ranar da ka amsa, ranar ka fara karatun."

Tun daga nan na koma na karanta mutanen nan da wani ido. Abu na farko da na gano shi ne, duniyarsu ce ta kife a gabansu suka zauna neman dalili. Adam Smith, wanda ya koyar a Jami'ar Glasgow ta Skotland, ya fitar da littafinsa kan arzikin ƙasashe a 1776, daidai lokacin da masana'antu ke fara tsiro a Birtaniya. A 1789 Faransawa suka yi juyin juya hali, daga baya suka sare kan sarkinsu. Bayan haka ƙauyawa suka yi ta kwarara birane irin Manchester, ana kwana a cunkushe, yara ƙanana na aiki a masaƙa daga asuba har dare. Engels ya rubuta abin da ya gani a can a 1845. Abokinsa Marx, ɗan garin Trier na Jamus, gwamnatoci suka yi ta korar sa har ya tare a Landan a 1849, ya yi shekaru yana tono a laburare kafin ya fitar da kashi na farko na Das Kapital a 1867. Tambayarsa: wa ke yin aikin, wa ya mallaki kayan aikin, ina rarar take tafiya?

Durkheim yana yaro Jamus ta ci Faransa da yaƙi a 1870 zuwa 1871. Ya girma yana tambaya: idan mutane suka bar ƙauye da dangi da al'adar da suka gada, me zai riƙe su wuri guda? A 1897 ya yi littafi kan kisan kai, ya nuna cewa har wannan aikin da ake gani na mutum ɗaya ne yana ƙaruwa a lokacin da tsohuwar ƙa'ida ta mutu, sabuwa kuma ba ta kafu ba. Shi kuwa Weber, wanda ya rasu a 1920, abin da ya dame shi shi ne: me ya sa mutane ke yin biyayya? Ya ce ko dai don gado da al'ada, ko don kwarjinin wani mutum da ake ganin yana da baiwa, ko don doka da ofis.

To yanzu ka tuna Maiduguri daga 2014. Gwoza ta faɗi a watan Agusta, Bama a Satumba, Baga a Janairun 2015. Dubban ɗaruruwan mutane suka shigo garin nan da abin da ke jikinsu kaɗai. A lokacin sansanin Dalori yana nan kusa da mu a hanyar Bama. Manomi ya koma ɗan dako, mai garke ya koma mai jiran katin abinci, bulama ya wayi gari babu ƙauyen da zai yi wa bulamanci. Ka gaya mini, cikin tambayoyin nan uku wacce ce ba tamu ba?

Ko hular da ke kanka ta ishe ka darasi. Wani ya yanka yadi, wani ya zana, wata baiwar Allah 'yar Bama ta yi makonni tana ɗinki da allura, wani ya wanke ya buga, wani ya kai Monday Market, daga can ta wuce Kano ko Abuja. Smith zai ce maka rabon aikin nan shi ya sa ake samun hula da yawa kuma mai kyau. Gaskiya ne. Marx zai ce ka kwatanta abin da aka ba mai ɗinkin da kuɗin da aka sayar da hular a Abuja, ka tambayi wanda ya sayi zare da yadi. Wannan ma gaskiya ne. Duk wanda ya riƙe ɗaya ya yar da ɗaya, rabin hula ya gani.

Ƙanena ya ce ba su san mu ba. Akwai ɗaya da ya san mu, kuma ya riga su duka da ɗaruruwan shekaru. Ibn Khaldun, haifaffen Tunis a 1332, wanda annoba ta kashe iyayensa yana matashi, ya rubuta Muƙaddima a 1377, ya yi alƙalancin mazhabar Malikiyya a Alƙahira, ya rasu a can a 1406. A cikin babban littafinsa na tarihi ya kawo labarin kyautar da sarkin Kanem ya aika wa sarkin Tunis a 1257, har da raƙumin dawa da mutanen gari suka yi cincirindo don su gani. Yana zaune a Alƙahira kuma wasiƙar Mai Usman ɗan Idris ta isa ga Sultan Barƙuƙ wajen 1391, yana kukan cewa wasu Larabawa na kama mutanensa Musulmi suna sayarwa.

Tunanin Ibn Khaldun ya ginu a kan asabiyya, wato ƙarfin zumunci da haɗin kai da ke sa mutum ya tsaya wa ɗan uwansa har mutuwa. Ya ce mutanen karkara masu wahala da asabiyya sukan ci birni su kafa daula, 'ya'yansu su riƙe, jikoki su nutse cikin jin daɗi, haraji ya yi yawa, talaka ya janye hannu, sai wasu sababbi su zo. Ya ƙiyasta rayuwar daula da zuriya uku, wajen shekara 120.

Da na fara karanta wannan sai na ce, Malam Ibn Khaldun, a nan kam Borno ta kama ka. Gidan Saifawa ya yi mulki tun ƙarni na 11 har zuwa 1846, kusan shekara 800. Ina zuriya uku? Amma da na ƙara tonawa sai na ga abin ya fi haka zurfi. A ƙarshen ƙarni na 14 Bulala sun kori Saifawa daga Kanem bayan rigingimun cikin gida sun cinye su. Suka yi kusan shekara 100 suna yawo a yammacin Tafkin Chadi, har Mai Ali Gaji ya kafa Birnin Gazargamu wajen 1472. Wato gidan bai mutu ba, amma ya faɗi, ya koma daji, wahala ta sake haɗa kansa, ya tashi har ya kai zamanin Mai Idris Alauma a ƙarni na 16. Juyin da Ibn Khaldun ya faɗa ya faru, sai dai a cikin gida ɗaya ya faru. Abin da ya sa sunan gidan ya tsira duk da haka, wannan tambaya ce da ɗan Borno zai fi kowa iya amsawa.

Sai kuma gidan da ya biyo baya. A 1808 masu jihadi suka ci Gazargamu. Mai ya nemi taimakon wani malami, Muhammad al-Amin al-Kanemi, wanda ya zo da jama'arsa ta Kanembu da Larabawan Shuwa. Ya kafa Kukawa a 1814, ya rasu a 1837. Ɗansa Shehu Umar ya kawo ƙarshen Saifawa a 1846, ya yi mulki har 1881. Bayansa 'ya'yansa suka hau, Bukar da Ibrahim da Hashimi. A hannun Hashimi, jikan wanda ya kafa gidan, Rabe ya ci Kukawa a 1893. Ƙirga da kanka: kaka, uba, jika. Ranar da na lura da wannan a Ramat Library sai da tsigar jikina ta tashi.

Amma fa kada ka yi saurin cewa shi ke nan, jin daɗi ne ya kayar da su. Nan ne ilimin siyasa da tattalin arziki ke shigowa, ya tambayi da me fadar ke ci. Ƙasar Borno a rabe take tsakanin manyan fada da ake kira chima kura, suna zaune a Kukawa, wakilansu chima gana na karɓo haraji daga ƙauyuka. Ga kuma fataucin Sahara ta Bilma da Fezzan zuwa Tarabulus: gashin jimina, hauren giwa, fatu, da bayi. E, da bayi. Heinrich Barth da ya iso Kukawa a 1851, da Gustav Nachtigal da ya zo a 1870 da kyautar sarkin Prussia ga Shehu Umar, duk sun ba da labarin babbar kasuwar garin da ke ci ran Litinin, inda ake ciniki da gabaga, wato ƙyallen saƙi, da wuri, da azurfar Mariya Tereza, kuma 'yan Adam na cikin hajar da ake sayarwa. Wannan tarihinmu ne, ba mu da ikon tsallake shafin. Da cinikin Sahara ya ja baya, kuɗin shiga ya ragu, sai aka juya kan talaka. A farkon shekarun 1880 Shehu Bukar ya ɗora harajin da aka kira kumoreji, wato raba ƙwarya biyu, aka karɓe rabin dukiyar mutane. Talakan da aka raba wa ƙwarya, da wane ƙarfin zuciya zai fita kare fada bayan shekara 10?

Ka ga Marx ya yi amfani a nan. Sai dai shi ma akwai inda awonsa bai kai ba. A Kukawa bawa kan zama kachalla, ya jagoranci runduna, ya fi 'ya'ya da yawa iko da dukiya. Arzikin mutum ana auna shi ne da yawan mutanen da ke bayansa. Wannan ya fi kusa da abin da Weber ya faɗa, cewa dukiya daban, daraja daban, iko daban, ko da yake sukan haɗu. Kuma tun kafin a haifi Weber a 1864, al-Kanemi da Muhammadu Bello sun yi musayar wasiƙu kan ainihin tambayarsa: wa ya cancanci biyayya, kuma yaushe ya halatta a ɗaga takobi a kan mai mulki? Al-Kanemi ya tsaya a kan cewa saɓo ba kafirci ba ne. Bello ya mayar da martani da hujjojinsa, ya kuma adana muhawarar a cikin Infaƙul Maisuri. Wallahi duk ɗalibin Arewa da ya gama digiri a kimiyyar siyasa bai san da wannan muhawara ba, an yi masa sata, ko ya yi wa kansa.

Garin da muke zaune ma wannan lissafin ne ya haife shi. An kashe Rabe a Kusuri a watan Afrilun 1900. Turawan Ingila suka iso a 1902, a 1907 Shehu Abubakar Garbai ya tare a Yerwa kusa da sansaninsu. Suka riƙe sarauta suka ɗora mata ofis da fayil, aka sami En'e: biyayyar gado da biyayyar doka a cikin riga ɗaya. Haraji ya koma na kuɗin Bature, wanda ya tilasta wa manomi noman abin sayarwa ko tafiya ci-rani. Fuskar ciniki da ke kallon Tarabulus ta juya ta kalli teku. Unguwar Fezzan da ke cikin gari sunanta kaɗai ya isa ya tuna maka inda hanya take bi a da. Bashin farko da Bankin Duniya ya ba Najeriya a 1958 na jirgin ƙasa ne, kuma da shi aka ja layin dogo har ya iso Maiduguri a 1964, don a kwashi gyaɗa da sauran amfanin gona zuwa tashar ruwa.

Kakanninmu ba su jira jami'a ba kafin su yi wannan nazari. A 1950 NEPU ta fitar da sanarwar Sawaba a Kano, wadda ta fito fili ta ce akwai gwagwarmaya tsakanin talakawa da masu riƙe da En'e. A nan Borno, Ibrahim Imam ya ajiye muƙamin babban sakataren NPC a 1956 ya jagoranci BYM, jam'iyyar matasan Borno, wadda ta yi ƙawance da NEPU. Teloli da mahauta da ƙananan 'yan kasuwa ne suka sha ɗauri a kan wannan magana, yawancinsu ba su taɓa jin sunan Marx ba.

Da jami'o'i suka zo, Zariya ce ta zama cibiya. ABU ta buɗe a 1962. Abdullahi Smith ya kafa tsarin nazarin tarihinmu daga rubuce-rubucenmu, ɗalibinsa Yusufu Bala Usman ya ƙara masa tambayar wa ke amfana. Jami'armu ta Maiduguri an kafa ta a 1975 a kan harsashin kwalejin NECAS, kuma shugabanta na farko, Farfesa Essien-Udom, masanin kimiyyar siyasa ne da ya yi suna da littafinsa kan gwagwarmayar baƙaƙen fata a Amurka. Farfesa Muhammad Nur Alkali, wanda ya zama shugaba a 1985, masanin tarihin Saifawa ne, kuma shi da Bala Usman suka haɗa littafi kan tarihin Borno kafin zuwan Turawa a 1983.

A wancan zamani wannan karatu yana da haɗari. Bayan rikicin Maitatsine na Kano a 1980 da na Bulumkutu a nan garin a 1982, malamai sun yi ta muhawara: Bala Usman na nuna yadda masu iko ke wasa da addini don kare muradunsu, Paul Lubeck na nuna yadda kuɗin fetur ya rusa tsohon tsarin da gardawa ke rayuwa a cikinsa. Da gwamnatin Babangida ta kawo SAP a 1986, aka karya darajar Naira, Bala Usman ya fitar da littafi a kan IMF a shekarar. A 1988 aka kama Patrick Wilmot, malamin ilimin zamantakewa a ABU, aka fitar da shi daga ƙasar. A 1989 ɗalibai suka cika tituna a kan SAP. Gwamnatin soja ba ta korar malami saboda kwas ɗin da ba shi da amfani.

Na san abin da ke ran wasu, don ni ma ya taɓa damuna: mutanen nan ai ba Musulmi ba ne, Marx ma ko Allah bai yarda da shi ba. Haka ne. Ni ban yarda da abin da Marx ko Durkheim suka faɗa a kan asalin addini ba, kuma babu wanda ya ce sai na yarda kafin in ci jarrabawa. Weber ma ya yi kuskure babba da ya ɗauki Musulunci addinin mayaƙa wanda ba ya haifar da ɗabi'ar tattali da ciniki. Da ya ga Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari da suka riƙe fataucin goro tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja, da ya sake tunani. Babana ya yi shekaru yana loda mota zuwa Onitsha babu takarda babu lauya, amana kawai da tsoron Allah da tsoron zubewar mutunci a kasuwa. Abin mamaki, Durkheim ne ya taimake ni na fahimci wannan, da ya nuna cewa kowace yarjejeniya tana tsaye ne a kan wata amana da ba a rubuta ba. Idan ka ari sikeli wurin maƙwabci, nauyin hatsinka kake nema, aƙidarsa tana gidansa. Ibn Khaldun alƙalin Malikiyya ne, kuma shi ya fara cewa a auna labari da yadda al'umma ke tafiya kafin a gaskata shi.

Yanzu ga dalilin da ya sa na ɗauki maganar nan da zafi. A garin nan, a unguwar tashar jirgin ƙasan da na ambata, wadda jirgi ya daina zuwa yadda ya saba, wani mutum ya zauna yana ba matasa amsa. Me ya sa kake talauci? Me ya sa mai digiri ke yawo ba aiki? Me ya sa ɗan sanda ke marin ka? Amsarsa ɓata ce, kuma ta jawo jinin da har yau bai gama bushewa ba tun daga Yulin 2009. Amma ya ba da amsa, har wasu masu takardun makaranta suka yayyaga takardunsu suka bi shi. Ina yawan tambayar kaina, a majalisar unguwa, lokacin da ake wannan magana, ina ɗalibin da zai iya zama ya yi bayani da Hausa ko Kanuri yadda talauci ke samuwa, tun daga kumoreji har zuwa SAP, har zuwa janyewar Tafkin Chadi da ta bar babban aikin noman rani na yankin Marte a bushe? In wanda ya yi karatu ba shi da bayani sai haddar turanci, to mai gurguwar amsa shi zai ci kasuwa.

Kuma kada wani ya ce talauci ne kawai. Da talauci ne kawai, da rabin Arewa ta shiga daji. Unguwannin da suka fitar da masu ɗaukar bindiga, su ne suka fitar da 'yan kato da gora a 2013, samari masu talauci iri ɗaya da suka ɗauki sanda suka kare gari. Sai ka haɗa tambayar Marx ta abinci, da ta Durkheim ta wanda ya rasa madafa, da ta Weber ta kwarjinin shugaba da hukumar da ta rasa amincewar jama'a, da ta Ibn Khaldun ta asabiyya, sannan ka fara hango abin. Ko a haka akwai saura, kuma sauran nan aikinmu ne, don babu wanda zai zo daga Landan ya yi mana.

Mu tuna kuma da kuɗin da aka biya kafin mu zauna a ajin nan. Jami'ar nan ba ta rufe ƙofa ba duk tsawon rikicin. Ranar 16 ga Janairun 2017 bam ya tashi a masallacin cikin makaranta da asuba, Farfesa Aliyu Mani na cikin waɗanda suka rasu. A Yulin shekarar aka yi wa tawagar masu binciken mai kwanton ɓauna a yankin Magumeri, ma'aikatan jami'a na ciki. Allah Ya jiƙansu da rahama. Mutane sun mutu a kan kujerar da muke zama muna haddar abin da za mu manta ran da aka fito jarrabawa. Wannan kaɗai ya isa ya sa mu ji kunya.

Darasin bai ƙare ba, kullum sabo ake buɗewa. Monday Market ta ƙone a Fabrairun 2023, ana tsakiyar wahalar canjin kuɗi. A ƙarshen Mayu aka cire tallafin fetur, kowa ya ji a kuɗin Keke da mudun shinkafa. Ranar 10 ga Satumban 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga Gwange da fadar Shehu da kasuwa da asibiti. Ruwa bai tambayi kowa matsayinsa ba. Amma ka duba wa ya gyara gidansa cikin wata biyu, wa kuma har yanzu ke raɓe a gidan dangi. Wannan bambancin shi ake koya mana a aji da dogon turanci.

Saboda haka ƙanena, da duk wanda ke aji biyu, ga abin da zan ce. Duk masanin da aka kawo muku, ku yi masa tambaya uku. Me ya faru a zamaninsa da ya sa ya ɗauki alƙalami? Mece ce tambayarsa, a cikin jimla ɗaya da za ka iya faɗa wa kakarka ta gane? A ina maganarsa ta yi daidai a garinku, a ina ta karye? Ta ukun nan ita ce taka, kuma daga nan ake samun furojet mai rai. Ku karanta ko da babi ɗaya ne na ainihin littafin, kada ku tsaya a taƙaitawa. Ku shiga kasuwa da littafin rubutu. Ku zauna da tsofaffi tun suna raye.

Ni dai na koma gida da tambayoyin Malam. Na sami Baba a gindin darbejiya bayan la'asar, na ce, "Baba, wai a cinikin kifin nan wa ya fi cin riba?" Ya dube ni ya ce, "Kai da ka tafi jami'a, ni za ka tambaya?" Sai da aka kira magariba bai gama ba. Ya faɗa mini yadda ake ba masunci bashin koma da ƙugiya tun kafin ruwa ya kawo, a kan sharaɗin ba zai sayar wa kowa ba sai mai bashin. Ya lissafa mini shingayen hanya ɗaya bayan ɗaya. Ya faɗa mini yadda bayan an rufe hanyar Baga aka hana cinikin, manya suka juya jarinsu zuwa wata haja, ƙanana irinsa suka cinye nasu a tukunya. Da na ce masa ai wannan shi ake koya mana, sai ya yi murmushi ya ce, "Ashe? To ka dage, ɗana. Mu mun san abin a jikinmu, ku sai ku san sunansa, ko Allah Ya sa ku san maganinsa."

Takardar da na rubuta daga wannan hira ita ce ta farko da na ji tawa ce. Har yanzu tana cikin akwatina.

'Yan sashen Tarihi, musamman 'yan asalin Kukawa da Dikwa da Monguno, in kun ga inda na karkace ku miƙe ni, haka ake karatu. Masu shiga jarrabawa mako mai zuwa, Allah Ya ba da sa'a. Allah Ya zaunar da Borno da Arewa da Najeriya lafiya.